Wuƙar da Kawu Ya Ba Ni a Ɗangora

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na bayan maƙera, a Unguwar Hajji ta Ƙaraye. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa, muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Abin da na ji a kan tabarmin nan shi ya sa na ɗauko alƙalami da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, na ce ko karkatacce ne sai na rubuta.

Jama'a sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Manoman da suka tsufa suna huɗa da garmarsa sun zo, mahauta sun zo, maƙwabta sun cika rumfa. Sai dai kowa ya zauna ya ce "ya haƙuri", a shafa fatiha, kafin hannunsa ya gama sauka daga fuska sai ka ga murmushi ya fara leƙowa. Wani ya ce, "Allah sarki, mai jirgi! Ya tafi bai taɓa hawa ba." Wani ya karɓe, "Ai da an sani da gefen layin dogo aka kai shi, ya riƙa jin usur." Aka sunkuyar da kai ana dariya a cikin rawani. Mai wannan maganar na san shi sarai. Bai taɓa sayen lauje ba, kowace kaka aro yake zuwa yi wurin Kawu, amma yau shi ne mai bakin ba'a tun ƙasar kabari ba ta bushe ba.

Da la'asar Baffa ya iso daga Fulatan ta ƙasar Rogo, a kan goɗiyarsa, mutum biyu na take masa baya. Aka tashi aka ba shi buzu. Ya ja addu'a mai tsawo irin ta wanda ke son a ji muryarsa, sannan ya gyara zama ya ce, "Allah ya gafarta masa. Mutum ne mai hannu, wannan ba musu. Sai dai baki. Allah ya yafe masa bakin da ya yi wa shanuna a Ɗangora. Ni dai na yafe."

Aka ce amin, wasu har da gyaɗa kai, wai dattijo mai haƙuri. Ni kuwa ina zaune dab da ƙafarsa, na san maganar nan ƙarya ce tun daga tushe, na sunkuya ina tsinkar bakin tabarma kamar aikin da aka sa ni ke nan.

Dalilin shiruna ba ɓoyayye ba ne. Baffa wan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni da mahaifina ya rasu, shi ya ba ni 'yarsa aure, shanunsa nake rakawa Ikko, daga hannunsa tuwon gidana ke fitowa. Kawu kuwa yayan Innata ne, maƙeri ɗan maƙeri, bai bar wa kowa komai ba sai uwar maƙera da zuga-zugin da ya sha faci. In na yi magana na rasa Baffa da abincina. In na yi shiru, sunan da zai bi Kawu har jikoki shi ne mai bakin da ya kashe shanu.

Bari in fara da laifinsa, kada a ce nawa ne shi ya sa na rufe ido. Kawu ya sha ɓata wa mutane rai. Ana tsakiyar bazara, hadari ya fara haɗowa, manoma sun tara masa garemani da fartanyoyi, sai a wayi gari a tarar ya ja asabari ya rufe maƙera, ya rataya gora da ɗan ƙullin ƙuli-ƙuli, ya kama hanyar tashar Ɗangora. Tafiyar yini ce cur, don dogo bai bi ta wajenmu ba. Ba kaya zai kai ba, ba baƙo zai tara ba. Zuwa yake ya zauna a gindin wata tsamiya a bayan tasha ya kalli jirgin ƙasa. Sai ya kwana biyu ko uku ya dawo, ƙafa duk faso, fuska fes kamar daga ɗaurin aure yake. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta yi faɗan har ta gaji, ta koma ƙulla masa guzuri.

Jirgin ma ba kowanne ba. Na fasinja raina shi yake yi. "Wannan ai ɗan kwalisa ne," in ji shi, "akawuna kawai yake ja da akwatunansu. In kana son ka ga jirgi, tsaya na kaya ya zo." Wanda ya ɗebo gyaɗa zai gangara Kurmi, ko wanda ya hauro da gishiri da kananzir da kwanon rufi, su ne nasa. Kawunan jirgi kuwa, wato masu wutar da ke jan taragu, mata ya ɗauke su, kowace da sunan da ya laƙaba mata. Akwai Guzuma, akwai Amarya, akwai Mai Tari. Tun hayaƙi bai ɓullo ba zai karkata kunne ya ce, "Guzuma ce, kuma ta ɗauko nauyi. Ji yadda take nishi a hawan can." In ta fito daga kwana sai ka ga ita ɗin ce.

Na taɓa tambayarsa me yake gani a cikin baƙin ƙarfen nan. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ɗan ƙanwata, wuta ce da ruwa da ƙarfe. Abin da nake yi a zaune shi take yi a guje. Maƙera ce mai tafiya." Na ce to me ya hana shi hawa ko sau ɗaya, ga Zariya nan kusa? Ya ce, "Na ciki ba ya ganin jirgi, ƙeyar wani yake gani."

Wata shekara shebur ɗin mai zuba wa Guzuma kwal ya tsage a wuya. Mutumin Bayarabe ne, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Kawu ya roƙi karyayyen shebur da hannu da ido, ya saɓo shi har Ƙaraye, ya ɗinke shi da wuta, ya sake taka yini guda ya mayar. Ko anini bai karɓa ba. Bayaraben ya ba shi dunƙulen kwal guda, kuma har ya rasu yana nan a naɗe cikin tsumma a ƙarƙashin matashinsa. Baƙo ya zo sai ya kwance ya nuna masa, kai ka ce tsarabar Makka ce. Ƙaraye ta yi wata guda tana dariyar wannan ciniki.

Amma ba wanda ya kai Baffa raina shi. Tsakanin Fulani da maƙera akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa ya sani, sai Baffa ya sami mafaka a ciki. Yakan faɗi abin da ke ransa tsaf, in fuska ta ɓaci ya ce ai wasa ne. Gaskiyar magana, bai taɓa yafe wa mahaifina auren 'yar maƙera ba, kuma da mahaifina ya bar duniya sai haushin ya koma kan Kawu.

Yanzu ga abin da ya faru a Ɗangora, yadda idona ya gani.

Da can da ƙafa muke kora shanu Kurmi. Wata da watanni a hanya, tsando ya cije su, su isa ƙashi da fata. Sai wata kaka Baffa ya ce shi a jirgi zai zuba nasa. A Fulatan ba wanda ya taɓa yi, saboda haka ya yi ta hura hanci tun kafin mu tashi. Muka koro garke har tasha, muka tarar an ajiye mana taragu uku a ɗan layin gefe. Biyu sun isa, ma'aikacin tasha ma ya faɗa, Baffa ya ɗaga masa hannu ya ce, "Shanuna ba buhunan gyaɗa ba ne. Kowace ta sami wurin juyawa, in ta gaji ta kwanta." Mutumin ya ce shanunka ne, ya koma ofishinsa. Baffa ya sa muka shimfiɗa ciyawa da harawa a ƙasan taragun, lafiyayyar shimfiɗa. Duk muka yaba. Duk wanda ya tashi a garke haka zai yi, don tun muna yara aka koya mana ba a ƙuntata wa saniya.

A cikin garken akwai farin bijimin Inna, shi kaɗai ya rage mata daga abin da mahaifina ya bari. Ta ba ni shi in sayar a Ikko in sayo mata karsana biyu. Don gata, na sa shi a tarago na uku, wanda ya fi kowanne fili.

Muna cikin lodi da hantsi sai ga Kawu ya taso daga gindin tsamiyarsa. Ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Fulatan ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa taragun, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa Baffa, "Malam, in ba za ka ji haushi ba, ina da 'yar magana."

Baffa ya ce, "Maƙeri, faɗi, ai kunne ba ya ƙoshi."

Kawu ya ce, "A kwashe ciyawar nan a zuba yashi. A mai da su tarago biyu, a matse su, kan wannan wajen gindin waccan, har ya zama ba mai iya juyawa."

"A matse su?"

"A matse su, Malam. Ƙugiyar da ke haɗa tarago da tarago sako-sako take. In kan jirgi ya ja, fizga ake yi ɗaya bayan ɗaya. In ya taka birki, karo ake yi ɗaya bayan ɗaya. Saniyar da ke da fili faɗuwa za ta yi, kuma wadda ta faɗi a tarago ba ta tashi, 'yan'uwanta ne za su tattake ta. Jikin 'yar'uwarta shi ne bangonta. Ga shi kuma Mai Tari ce za ta ja ku yau, ita ko sannu ba ta sani ba. Na sha gani da idona. In kuka tafi a haka, ba za su kai Zariya a tsaye ba."

Baffa ya tafa hannu ya juya wajen jama'a. "Ku zo ku ji, maƙeri zai koya wa Bafillace saniya! Kai da ko akuya ba ka taɓa ɗaurewa ba? Tun ina goye nake shaƙar garke. Je ka ƙirga hayaƙinka, ka bar masu dukiya da dukiyarsu."

Aka bushe da dariya. Kawu bai kula ba, ya juyo wajena, ya sassauta murya. "Ɗan ƙanwata, bijimin uwarka dai. Mai da shi na gaba, ya ɗan fi cika."

Surukaina duk suna kallona, suna jiran su ga ko jinin maƙera ne zai rinjaya. Na buɗe baki na ce, "Kawu, don Allah ka koma gindin tsamiyarka. Wannan ba aikin guduma ba ne." Dariyar da aka yi ta fi ta farko, ni kuma na ji daɗinta. Shekara nawa yanzu, amma duk lokacin da na tuna sai na ji na tsani kaina.

Kawu ya kwance wuƙar da ke damtsensa, da kubenta, ya danƙa mini a hannu. "To riƙe wannan. Jiya na wasa ta. Kada ka sa ta cikin kaya, ta zauna a jikinka."

Ina zaune a kan katakon saman tarago na uku Mai Tari ta yi usur. Na ji ƙara tana tahowa daga gaba, kaf, kaf, kaf, tarago bayan tarago, har ta iso namu, aka fizge mu kamar an ja tabarma a ƙarƙashin mutum. Shanu suka zube gefe guda suka miƙe. Tsoro ya sa suka saki kashi da fitsari, kafin mu yi nisa shimfiɗar Baffa ta koma santsi. A gangara ta farko da aka taka birki, bijimin Inna ya tafi da gwiwa. Na ji ƙarar ƙashinsa duk da rugugin jirgi. Ya yunƙura, wata ta faɗo masa, wata ta hau wuyansa. Na dira cikin ƙahoni, ban san yadda aka yi ban mutu ba, na juya kansa gabas iyakar iyawata, na yi bisimilla na sa masa wuƙar Kawu. Biyu na ƙara yankawa kafin mu ga ganuwar Zariya. A sauran taragun wuƙaƙen 'yan rakiya na cikin kaya, abin da ya faɗi mushe ya zama.

Da aka tsaya shan ruwa a Zariya muka jawo na jawowa, mahauta suka taru suka saya yadda suka ga dama. A nan, da bakinsa, Baffa ya ce a kwashe ciyawa, a nemo yashi, a haɗe ragowar a matse su kai da gindi. Daga nan har Ikko ko ɗaya ba ta sake faɗuwa ba. Amma kafin mu dawo gida ya riga ya gyara labari: maƙeri ya yi hassada, ya ce ba za su kai Zariya ba, bakinsa ya kama. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ko ba haka aka yi ba?" Muka ce haka aka yi.

Na je Ƙaraye da wuƙar, kaina a ƙasa. Na tarar da Kawu yana zuga wuta. Tambayarsa ta farko ita ce, "Ka same shi da rai?" Na ce na same shi. Ya ce, "Alhamdu lillahi, bai zama mushe ba." Sai idonsa ya yi haske, ya ajiye awartaki ya matso. "To gaya mini, ya Mai Tari take a hawan da ke gaban tasha ta biyu? Tana tarin nan har can?" Na miƙa masa wuƙarsa, ya ce in bar ta.

Labarin bakin ya bi kasuwanni. Makiyaya suka riƙa kawar da garke in sun hango shi, wasu suka kwashe garemaninsu suka kai wa wani maƙeri. Na ce masa, a ɓoye kamar yadda matsorata ke yi, abin nan ya dame ni. Ya ce, "Bar su. Baffanka ya koya, shanu sun huta, me kuma ake nema?" Sannan ya yi kaka biyu cif bai taka Ɗangora ba, yana ƙira safe da yamma, har ya haɗa wa Inna 'yar maraƙa. Wanda bai san Kawu ba ba zai san girman wannan kyauta ba. Baffa, mai garke, ko igiya bai aika mata ba. Shi ya koma malamin lodi, fatake na zuwa ɗaukar karatu, yana shafa gemu yana cewa, "Mu da muka gaji shanu mun san sai an matse su."

Zuwan Kawu na ƙarshe tasha, ƙafa ta gaza, a jaki na kai shi. Ranar muka ga sabon kan jirgi irin mai shan mai. Ya bi shi da kallo har ya ɓace, ya taɓe baki ya ce, "Ba wuta, ba numfashi. Wannan ai mota ce ta ɓata hanya." Muka zauna har Guzuma ta wuce, sannan ya ce mu tafi gida.

Ranar sadakar bakwai da safe mai ɗakina ta ga na ɗaura wuƙar a damtse. Ta ce, "Malam, don Allah ka rufa mana asiri. Mahaifina ne, kuma ka san halinsa." Na ce na sani.

Baffa ya dawo, aka sake ba shi buzu. Bayan addu'a wani falke ya tambaye shi yadda ake zuba shanu a jirgi. Ya gyara murya ya karanto maganar Kawu kaf, har da "jikin 'yar'uwarta shi ne bangonta", a ƙofar gidan mai maganar, a ranar bakwai ɗinsa. Ya rufe da cewa, "Ni sau ɗaya na taɓa asara, ita ma baki aka yi mini. Allah dai ya yafe wa na ƙasa."

Na tashi na durƙusa a gabansa, na kwance wuƙar da kubenta na ajiye a kan tabarma. Na ce, "Baffa, ka gafarce ni, yau ba ni da kunya. Ina cikin taragon nan. Kawu bai yi baki ba, shawara ya bayar, muka yi masa dariya, ni na fi kowa. Da wuƙar nan tasa na yanka bijimin Inna. Yashin da kake zubawa nasa ne, matsewar tasa ce, a Zariya ka karɓe su a gaban idona. Ba ka da abin da za ka yafe masa. Mu ne ya kamata mu nemi gafararsa, mun makara."

Baffa ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Jinin maƙera ya motsa." Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Shanuna ba sa bukatar ɗan rakiya mai dogon harshe. Ka nemi wanda za ka bi." Ya hau goɗiyarsa ya tafi, ko gumbar sadaka bai tsaya karɓa ba.

Ƙurarsa ba ta kwanta ba mai aron lauje ya ce, "Ai dama ni na sha faɗa, marigayi mutum ne mai hangen nesa." Sauran suka ce ƙwarai, ƙwarai. Mutanen banza! Da Baffa ya juyo da goɗiyar nan, da sun sake juyawa tare da ita.

Bana noma nake yi, da garmar Kawu. Tuwon gidana ya ragu, mai ɗakina ta yi wata guda ba ta dube ni da fara'a ba, Baffa ko gaisuwata ba ya amsawa. Inna ce kaɗai ta kira ni cikin gida ranar bakwai ɗin, ta sa mini ƙullin kwal ɗin nan a hannu ta rufe da nata.

Watan jiya na taka har Ɗangora na zauna a gindin tsamiya. Na tarar ana lodin shanun Baffa, wan matata ne a kan aikin, shi ma yana cikin masu dariya a wancan karon. Ya hango ni, ya kau da kai, ya daɗe yana kallon ƙasa. Sai na ji ya ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji, ya ce wa masu kora, "Ku ƙara yashi, ku matse su kai da gindi, yadda Maƙeri ya ce!"

Guzuma ce ta ja su. Na gane nishinta tun ba ta fito daga kwana ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sa wutar maƙera ce ta ƙarshe da zai gani.